Mangwaron da Safara'u Ta Zo da Shi

A Dangora, in ka ce gidan Malam Balarabe mai ɗinki, sai a tsaya ana tambayarka wane Balaraben. Amma in ka ce gidan Safara'u mai mangwaro, ko yaron da bai iya ɗaura wando ba zai kai ka har ƙofa. Malam Balarabe ya daɗe da sanin haka, kuma bai taɓa sa abin a ransa ba. Yakan ce shi dai a bar masa kekensa da zaurensa, suna kuma wanda ya ga dama ya ɗauka.

Safara'u gajeriya ce, kakkaura, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, kuma ba ta taɓa neman koya ba. In ta ce abu zai yi, to zai yi, in kuwa bai yi ba, laifin abin ne. Matan unguwa suna tsoron bakinta, suna kuma son hannunta, don duk abin da ta dasa sai ya kama. Tsakar gidanta ba wani babban fili ba ne, amma akwai gwaiba a bayan madafa, lemun tsami kusa da rijiya, gwanda jere a jikin katanga, da wani rumman guda ɗaya da ta yi ta fama da shi don kawai an ce mata ba ya yi a ƙasarsu. A tsakiya kuwa, daidai inda ake alwala, nan mangwaron yake.

A Tiga aka haife ta. Mahaifinta Shitu leburan lambu ne a gefen dam, cikin masu rainon dashe, kuma a can ya koyi aurar da itace. Wato a yanko reshen mangwaro mai daɗi, a haɗa shi da jikin ɗan tsiron mangwaron gida mai ƙarfin saiwa, a ɗaure su har su zama abu ɗaya. 'Ya'yansa maza babu wanda ya tsaya ya koya, kamun kifi ya ɗauke musu hankali. Safara'u ce mai kai masa abinci, ita ce mai riƙe masa reza, a haka sana'ar ta faɗo hannunta.

Shitu yana da wani mangwaro a bayan gidansa wanda ba a san asalin irinsa ba. Shi dai cewa yake wani direba ne ya kawo masa reshen a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ba shi da zare ko kaɗan, ƙwallonsa falan-falan, kuma ko ya nuna bayansa kore ne shar, sai an latsa ake sani. Ƙamshinsa kuwa, in an yanka a tsakar gida, na zaure sai ya ji. Da mutane suka rasa sunan da za su kira shi, sai suka ce ɗan Shitu.

Ranar da za a kai Safara'u Dangora, ana ta loda gado da kwalla da tasoshi, sai ga Shitu rungume da ɗan dashe a cikin tsohon gwangwani. Gwaggonninta suka ce, "Haba Shitu, a kai amarya da itace? So kake dangin miji su yi mana dariya?"

Ya ce, "Kwanonin nan naku duk hujewa za su yi. Ku sa mata a mota."

Ya ja 'yarsa gefe ya gaya mata abu biyu. Na farko, ta dasa shi inda mutanen gida suke alwala, don mai ban ruwa yana iya mantawa, amma gidan Musulmi ba ya wuni bai zubar da ruwan alwala ba. Na biyu, kada ta bar itace ya tsufa ba ta tsayar masa da magaji ba.

Dariyar kuwa an yi ta. Amarya ko lallen hannunta bai goge ba aka gan ta tsugune tana haƙa rami da fartanya. Amma shekaru kaɗan bayan nan, waɗanda suka yi dariyar su ne suke aiko yara da kwano. Da Allah ya yi wa Shitu rasuwa, aka sayar da gidan Tiga, wanda ya saya ya sare uwar bishiyar ya ja ɗakuna a wurin. Safara'u ta yi kukan wannan sara kamar an yi mata sabuwar rasuwa. Daga ranar ta san ɗan Shitu a hannunta kaɗai ya rage.

Maganar magaji kuwa ta riƙe ta da kyau. Gwanda tun tana cikin ganiyar 'ya'ya za ka ga ƙaramarta tsaye a gefenta. Gwaiba in ta fara ƙanƙance 'ya'ya, kafin a ce a sare ta, wata ta kai ƙugu. Maƙwabta sukan ce tana gaggawa, ita kuma ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya zo neman dashe za ta ba shi, har ta bi shi da faɗan yadda zai kare shi daga awaki. Ɗan Shitu ne kawai ba ta bayarwa. 'Ya'yansa dai a sha, har a ɗiba a kai gida, amma reshe ko guda ba ya fita. Takan ce wannan gadon ubanta ne, sai jininta. Mai son ya kira shi rowa ya kira, ta ji da kunnenta kuma ba ta fasa ba.

Tsakar gidan ba zai ɗauki manyan mangwaro biyu ba, don haka magadan ɗan Shitu a gidajen 'ya'yanta mata ta tsayar da su. Rufaida, babbar, ta tafi Burumburum da nata dashen a cikin kayan ɗaki. Hanan, ƙaramar, ta tafi Tiga da nata. Safara'u ta kakkaɓe hannu ta ce ta cika wasiyya.

Auren Rufaida da Mujitaba na Burumburum bai yi ƙarko ba. Abin da ya haɗa su ba shi ne labarinmu ba, zuciya dai ta ɗebi yaro ya furta abin da ba ya janyuwa. To, Rufaida 'yar fari ce, kuma kowa ya san uwa ba ta shiga maganar 'yar fari. Safara'u ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "yarinyar nan". In za a kwaso kaya, gwaggonni da ƙannen uwa ake turawa, uwa ta zauna a ɗaki ta yi kamar ba ta san ana yi ba. Safara'u ta yi iya ƙoƙarinta ta zauna. Mota ta tashi ke nan aka ga ta yafo mayafi ta fito tana cewa a tsaya.

Da suka isa, Mujitaba ya riga ya sulale gona. Mahaifiyarsa kaɗai ta tarar, Goggo Yalwa, wata doguwar mata marar yawan magana, sai ta juye mata duk abin da ta ƙullo tun daga Dangora. Aka kwashe kaya kaf, har tsintsiya, har ƙusar da ake rataya madubi. A bakin ƙofa Safara'u ta juyo, a gaban maƙwabta, ta ce, "Wallahi in na sake tako gidan nan, ba Shitu ne ya haife ni ba!" Goggo Yalwa ba ta ce komai ba sai, "Allah ya huci zuciyarki." Dashen a lokacin bai wuce ƙirji ba, yana tsaye a gefen randa. Babu wanda ya kalle shi, kuma ko an kalla, itace ba ya shiga mota.

Shekaru suka ja. Rufaida ta yi wani auren a Zariya, ta hayayyafa, hankalinta kwance. Sunan Burumburum ya daina fitowa a gidan Malam Balarabe.

Wata damina Safara'u ta zame a taɓon wurin alwala ta bugu a ƙugu, ta yi makonni tana jan ƙafa. Ɗanta Kamalu, mai sayar da kayan babur a Kwanar Dangora, ya ce ba zai sake ganin haka ba. Ya kawo magina suka shafe tsakar gidan da siminti tas, suka gina wurin alwala mai ɗan tudu, suka ja masa hanya ruwan ya bi ta rariya ya fice waje. A gindin mangwaron suka bar ƙasa kamar faɗin faifai. Kada wani ya ce an yi wa Safara'u dole. Ita da bakinta ta ce wa magini ya ƙara gangare kada ruwa ya kwanta, ita ce kuma ta yi ta kiran maƙwabta su zo su ga aikin ɗanta. A ganinta bishiyar da ta kai wannan girma ta daɗe da kai saiwarta ga ruwan ƙasa, ba ta bukatar butar kowa. Gwani ma yakan yi irin wannan lissafin.

Shekarar farko ba a ga komai ba. A rani na biyu fure ya fito ya zube. Saman bishiyar ya fara bushewa, ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga jikinta, gara ta samu hanya ta hau da ƙasarta. Safara'u ta tsaya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta kalli rariyar da ruwan alwalar Malam yake bi yana fita titi, ta gane. Ta sa aka faffasa simintin gindin, ta yi ta ɗura ruwa, ta zuba toka, amma an makara. Ta yanki rassan da suka fi alamar rai ta aura a kan 'yan tsiron da take raino a leda. Duk suka yi baƙi suka mutu, don reshen da ba shi da lafiya ba ya kamawa.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta tsorata ba. Ta ce wa Malam, "Ai don irin wannan ranar na tsayar da magaji. Gobe zan je Tiga."

A gidan Hanan ta tarar da bishiya ƙatuwa, ganye luf-luf, inuwa har ƙofar ɗaki. Ko zama ba ta yi ba ta miƙa hannu ta tsinki ganye, ta murza ta kai hanci. Ta sake tsinkar wani. Sannan ta tsuguna ta duba gindin, tana neman tabon aure, inda jiki biyu suka haɗu. Babu shi.

Ta ce, "Hanan, zo nan. Wannan wane ne?"

Hanan ta sunkuyar da kai. "Inna, lokacin da na zo gida wankan fari ne awaki suka cinye kan. Da na dawo na ga ya sake tohowa daga ƙasa, na ɗauka shi ne. Sai da ya yi 'ya'ya na ga zare."

"Shekara da shekaru kina shayar da mangwaron gida, ba ki gaya mini ba?"

"Inna, wa zai iya gaya miki?"

Tambayar ta yi wa Safara'u nauyi. Sai yanzu ta gane dalilin da ya sa duk lokacin mangwaro Hanan take zuwa Dangora da buhu. Ita a da kwaɗayi ta ɗauka. Ta sha ruwa, ta yi wa jikoki wasa, ta kamo hanya. A mota ba ta yi wa kowa magana ba, abin da direbobin hanyar ba su saba gani ba.

Bayan la'asar ta zauna a ƙarƙashin bishiyar da ta kusa zama itacen girki. Malam Balarabe ya shigo daga zaure, Kamalu ma ya zo, jikinsa a sanyaye, don tun da abin ya fara yake ganin laifinsa ne. Ta gaya musu yadda ta tarar a Tiga. Kowa ya san inda maganar ta nufa, babu mai son ya fara faɗa.

Kamalu ne ya daure. "Inna, na taɓa wucewa ta Burumburum. Yana nan, ya girma, har rassansa sun leƙo ta kan katanga. In hau babur in je in yanko miki ta waje, ba wanda zai sani."

Ta ce, "Kai da ba ka san reshen da ake yanka ba? Kuma ni ban taɓa aurar da reshen sata ba, ba zan fara da na ubana ba."

"To a aika a roƙa."

"In zage mace a gaban maƙwabtanta da bakina, sannan in aika yaro ya roƙo mini? Ashe ban da kunya."

Malam Balarabe ya gyara zama. Shi mutum ne da ba ya tsoma baki sai magana ta nuna. Ya ce, "Safara'u, rantsuwar ce ta tsare ki?"

"Da sunan Allah na rantse, Malam, na kuma haɗa da sunan mahaifina."

"To ai malamai sun faɗa. Wanda ya rantse a kan abu, ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi wanda ya fi alherin, ya yi kaffara. Ki ciyar da mabukata goma. Rumbu ba a kulle yake ba. Maganar Shitu kuwa, ke kika san shi fiye da ni. Da zai tashi yau, me zai tambaye ki, rantsuwarki ko itacensa?"

Safara'u ta san amsar. Ta sa Kamalu ya kira mata Zariya, don ba za ta taka gidan ba sai mai ciwon ta sani. Da aka ɗauka ta ce, "Ke yarinyar nan, zan je Burumburum."

Rufaida ta yi dariya a waya. "Inna, ni fa na daɗe da wuce wurin. Ke kaɗai kika rage a bakin ƙofar nan. Ki je, kuma ki gaishe mini da Goggo, ba ta taɓa ɓata mini ba."

Wannan kalmar ta ƙarshe ta soki Safara'u fiye da duk abin da aka faɗa ranar.

Ta jira damina ta zauna, lokacin da itace yake da ruwa a jiki. Ta ɗaura zaninta na fita, ta sa sabuwar reza da tsumma mai tsabta a jaka, ta ɗauki ƙwaryar goro. Ta hau mota a Kwanar Dangora ta bi hanyar Tudun Wada, daga baya ta hau babur. Masara ta yi kore ko'ina, shanu suna kiwo a gefen hanya. Wanda ya gan ta a kan babur ɗin nan zai ɗauka biki za ta.

Tun daga nesa ta hango shi ya yi wa gidan rumfa. Ta tsaya a ƙofar da ta yi rantsuwa, ta yi bisimilla, ta sa ƙafa, ta yi sallama da muryarta ta kullum.

Goggo Yalwa tana zaune a gindin bishiyar tana tsince wake. Ta tsufa, ta ƙara ramewa. A gefenta ga buta, ga wani faffaɗan dutse, ƙasar wurin a jiƙe. Ta amsa sallamar, ta ɗago ta daɗe tana kallon baƙuwar, sannan ta jawo tabarma ta shimfiɗa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da yara da damina da gajiya, kowace tana kallon tabarma. Da gaisuwa ta ƙare, Safara'u ta tura goro gabanta.

Ta ce, "Goggo, na zo ɗaukar sauran kayan yarinyar nan."

Goggo Yalwa ta ce, "Sauran kaya? Ku da kuka cire har ƙusa?"

"Mun bar guda ɗaya. Ga shi kina zaune a inuwarsa."

Goggo Yalwa ta ɗaga kai ta kalli rassan, bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. "To ki kira motar, a loda."

Safara'u ta ajiye wasa. Ta gaya mata komai, simintin da rariyar, awakin Tiga, da yadda ɗan Shitu ya ƙare a duniya in ban da wannan. Sannan ta ce, "Abin da na faɗa miki ranar nan ba hakkinki ba ne. Wanda ya yi laifin ya gudu gona, na tarar da ke na sauke a kanki. Ki yafe mini."

Goggo Yalwa ta ci gaba da juya wake a faifai. Can ta ce, "Na ji zafi, Safara'u, ba zan ɓoye miki ba. Na fi shekara ban shiga taron mata ba. Amma yarinyar nan 'yata ce, ni na san abin da na rasa. Ranar da aka kawo ta, ita ta ce mini a wurin alwala ake dasa shi. Da ta tafi sai na dawo da butata nan. Mujitaba ya so ya sare ya yi rumfar babur, na ce sai dai ya fara da ni. Duk shekara in ya nuna sai in ce a kai muku, sai in tuna rantsuwarki, in ce kada a dawo mini da shi." Ta ajiye faifan. "Na yafe. Amma ko ganye ba za ki tsinka ba sai kin ci abincin gidan nan."

Aka kawo fura da nono mai kauri. Safara'u ta sha, ta ƙara, don ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Sannan ta miƙe ta tsinki ganye ta murza. Ƙamshin ya bugi hancinta, ta tsuguna ta ga tabon auren da hannunta ya ɗaura, ya zama wani kauri a gindin. Idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ta zagaya bishiyar tana zaɓe. Ba ta son reshe ɗanye sharaf, ba ta son tsoho, sai mai kaurin ɗan yatsa wanda idon kansa ya kumbura yana shirin tohowa. Ta yanka, ta zage ganyen, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Goggo Yalwa tana biye da ita tana cewa, "A hankali dai, kada ki aske mini shi." Safara'u ta ce, "Naki ma ya isa a tsayar masa da magaji. Bari in nawa ya kama." Ba ta tsaya dogon sallama ba, don reshe ba ya son ya kwana a hanya.

Kafin rana ta faɗi tana tsakar gidanta, tsugune a gaban 'yan tsironta. Ta yanke kan kowanne, ta tsaga shi, ta fere gindin reshen ta gefe biyu, ta zura a tsagar har ɓawo ya haɗu da ɓawo, ta naɗe da zaren leda tam, ta rufa masa wata ledar, ta jera su a inuwa. Washegari ta buɗe rumbu ta auna dawa, ta sa aka kai gidaje goma da ta san tukunyarsu ba kullum take hawa wuta ba. Malam Balarabe ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai kaffara tana waƙa ba.

Sai jira. Wasu suka yi baƙi kamar na baya, ta tsige su. Wata safiya ta ɗaga leda ta ga idon ya fashe, ga wasu 'yan ganye jajaye masu laushi sun leƙo. Ta duba na kusa da shi, shi ma haka. Ta miƙe ta ƙwala wa Malam kira har maƙwabta suka ɗauka gobara ce.

Kamalu da kansa ya zo da diga ya farfasa simintin tsakiyar gidan, ya toshe hanyar rariya, ya bar wa mahaifiyarsa siririyar hanya mai kaushi daga ɗaki zuwa wurin alwala don kada ta sake zamewa. Aka sare tsohuwar bishiyar. Safara'u ba ta shiga ɗaki ba, ta tsaya ta kalla har ta faɗi, ta kuma sa masassaƙi ya fitar mata da kujera 'yar tsuguno daga gindin. Ta sa aka tone tsohuwar ƙasar da gara ta ɓata, aka zuba sabuwa da ruɓaɓɓen taki, ta dasa wanda ya fi ƙarfi ɗan nesa kaɗan da tsohon ramin.

Ɗaya ya tafi Tiga, da ƙaya kewaye da shi da gargaɗi mai tsawo. Ɗaya ya tafi Burumburum. Da nata ya yi rassa, sai ta yi abin da Dangora ba ta taɓa zato ba, ta aika wa matan unguwa cewa duk mai son ɗan Shitu ta raini tsiro ta kawo a aura mata. Wata ta ce, "Inna, ashe gadon ya tashi daga na jini?" Ta ce, "Jinin ne ya bar wa awaki. Kawo tsironki, kada in fasa."

Furen farko ta tsinke shi duka, ta ce yaro ba ya goyo. Na biyu ma ta rage kaɗan. A shekarar da ta bar shi ya riƙe, 'ya'yan ba su da yawa, kore shar, kullum sai ta bi su da latsawa. Ranar da ɗaya ya amsa yatsa, ta tsinko shi da hantsi, ta zauna a kan kujerar nan, ta sa wuƙa. Ba ta kira kowa ba.

A zaure keken ɗinki yana ta ƙara. Sai ya tsaya cak. Malam Balarabe ya ɗaga murya daga can, "Safara'u, wa ya yanka ɗan Shitu?"

Nan ta yi kuka, kuka na sosai, ba ta ce hayaƙi ba ne. Ta kai yanka ɗaya baki, ta miƙa wa Malam sauran da ya shigo. Ya shanye, ya lashe yatsu, ya miƙa hannu zai tsinki wani, ta buge hannun. Ta zaɓi manya biyu ta ɗaure a gefen mayafi, ta zura takalmi.

Ya ce, "Ina zuwa kuma da rana tsaka?"

Ta ce, "Burumburum. Yau ba sai na buɗe rumbu ba."